Gwiwar Kumandan Rahinatu

Sau bakwai Zahradeen mai shirya fim ya tsayar da kamera, duk a kan abu ɗaya.

Fim ne mai dogon zango na talabijin, labarin jirgin da ya tashi daga Gaya zuwa duniyar Mars. Cikin wani tsohon magaza, ɗakin ajiyar kaya a bakin kogi, suka haɗa jirgin da kujerun kamiyo, babbar motar kaya. Rahinatu ce kumandan. Kawunta Yacuba, tsohon direba, shi ne makanikin da ya saɓa umarninta, za ta ƙwace makullin injin daga hannunsa.

Amma da ta miƙa hannu sai gwiwarta ta lanƙwashe da kanta, ta rusuna ta karɓa da hannu biyu, yadda aka koya mata tun tana ƙarama.

Zahradeen ya yi tsaki. "Na gaji. Namiji zan ba matsayin kumandan ɗin, ke ki koma wajen rediyon jirgi."

"Ba inda zan koma," in ji Rahinatu. "Ƙannena za su kalli fim ɗin nan. Mace ba za ta je har Mars don ta rusuna ba."

Ta ɗauko katako biyu da igiya, ta ɗaure gwiwoyinta tamau ƙarƙashin wando.

"Kawu, ka yafe mini."

Aka kunna kamera. Tana tsaye ƙyam ta fizge makullin da hannu ɗaya, idonta cikin nasa.

Yacuba ne ya sunkuyar da kai, kuma babu wannan cikin labarin da aka rubuta.