Kwaɗon Ɗakin Baba Haladu

"Danna shi, ɗiyata, danna. Ga ƙarar babur ɗin Alhaji can bakin lungu."

Dija ta zura kwaɗon a ƙofar ɗakin Baba Haladu, ta danna, ta ƙulle mabuɗin a bakin zanenta. Daga ciki ta ji tsohon ya jawo marfin taga ya rufe.

"Baba, ka shiga da ruwa?"

"Buta na nan. Tahi wurin aikinki. In ya tambaya, na tahi Gangara."

Wannan ba sabon abu ba ne a gidan hayar Alhaji Ridwanu da ke bayan tashar Gazawa. Ɗakuna ne a jere, rufin kwano, ƙofofin kwano, kowane ɗaki da talakansa. Wanda wata ya ƙare masa hannu babu komai, da ya ji motsin mai gida sai ya shige ɗaki, maƙwabci ya rufe shi ta waje. Alhaji ya zo ya ga kwaɗo, ya yi tsaki, ya yi faɗansa da ƙofa, ya hau babur ya wuce. Ba ya daɗewa, mutum ne mai sabgogi da yawa. Ita kanta Dija an taɓa rufe ta haka da goyonta, lokacin da mijinta ya daɗe wurin ci-rani bai aiko ba, kuma Baba Haladu ne ya riƙe mabuɗin ranar.

Ɗan ga-ruwa ne tsohon, sai dai tun da ciwon ƙirji ya kama shi tura kura ta gagare shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗiyarsa ɗaya tana aure a Gidan Rumji. Haya ta taru masa, har Alhaji ya rantse in ya sake iske shi babu labari, ranar kayansa za su kwana a titi.

Yau kuwa Alhaji ba shi kaɗai ya shigo ba. Maso na biye da shi, mai gini ke nan, bayansu kuma ga amalanke da siminti da yashi. Katangar makewayi ta faɗi tun daminar bara, matan gidan sun yi ta kuka har sun gaji sun rataya buhu a wurin. Duk ranakun Allah, yau Alhaji ya ga damar gyara ta.

Ya tsaya gaban kwaɗon, ya dubi Dija tana hura wutar suyar awara.

"Ke, ina tsohon ga?"

"Ya tahi Gangara, Alhaji."

"Ko wane wata Gangara. Shi aka ba sarautar garin ne?" Ya taɓe baki. "Ba ni tabarma. Ba ni barin mutumin ga shi ɗai da siminti."

Ya shimfiɗa tabarmar a gindin dogon yaro, daidai inda yake fuskantar ɗakin Baba Haladu, ya tuɓe takalmi.

Tsakiyar bazara ce, irin ranar da ko kaji sai sun saki fiffike suna haki. Hantsi na ɗagawa kwano ya fara ƙara don zafi. Dija na juya awara a cikin mai, amma kunnenta na can ƙofar. Can sai ta ji tarin, ƙasa-ƙasa, irin wanda ya saba tayar da ita da asuba. Salamatu, matar ɗakin kusa, ita ma ta ji. Wuf ta jawo turmi ta zuba ɗan geron da ba ta yi niyyar dakawa ba sai gobe, ta kama daka har da luguden da babu dalili. Tarin na tashi, taɓarya na sauka. Alhaji ya ɗaga kai.

"Wannan daka kamar ana biki?"

"Yara ne da ci, Alhaji," in ji Salamatu.

Bayan wani lokaci tarin ya lafa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya. Dija ta ji sanyi a ranta, har ta yi wa Allah godiya.

Ta sa ran Alhaji zai fita masallaci da azahar. Ina, sai ya nemi buta ya yi sallarsa nan kan tabarma, ido ɗaya a kan buhun siminti. Dija ta ɗauko wanki da bai gama bushewa ba ta je shanya a igiyar da ta ratsa gaban ɗakin. Ta ɓuya bayan zane ta kai baki kusa da ƙofa.

"Baba," ta ce a hankali. "Baba, lahiya kake?"

Shiru. Ta dafa ƙofar, ta janye hannu da sauri, kwanon ya ƙona ta. Tsoro ya kama ta sosai. Ta wuce ɗakin Salamatu kamar mai neman gishiri.

"Bai amsa ba. Ko in buɗe?"

"Ki buɗe ki ce mi? Ya watsa mashi kaya waje, ke da kika rufe ki bi baya da goyo? Barci yake, tsoho ne. Ai shi da kai nai ba ya son a buɗe."

Gaskiya ce, Dija ta san da haka. Ɗaki mai araha kamar wannan babu shi a Gazawa, ta bi unguwanni da ƙafarta kafin ta samu. Duk da haka da ta fito sai ƙafarta ta nufi ƙofar, hannunta har ya kai bakin zane.

"Ke mai awara," Alhaji ya kira ta. "Kawo mana ta zahi, ki sa yaji."

Ta saki bakin zanen, ta koma murhu ta zuba masa.

Sai da aka kira la'asar siminti ya ƙare. Alhaji ya karkaɗe riga, shi da maso suka fita masallaci, suka bar kayan aiki. Ba su gama ficewa daga zaure ba Dija ta isa ƙofar. Mabuɗin ya faɗi ta ɗauka. Ta jawo ƙofa, zafi ya bugi fuskarta kamar ta buɗe tanda.

Baba Haladu na nan dab da ƙofa, kwance a ƙasa, kumatunsa a kan daɓe, hancinsa daidai ƴar kafar da ke ƙarƙashin ƙofar. Buta na gefe a kife. Hularsa na cikin bakinsa, ya cusa ta ya datse da haƙora don kada a ji tarin.

"Baba, na buɗe," in ji Dija. "Ya tahi. Tashi, na buɗe."

Ta taɓa kafaɗarsa. Salamatu ta leƙo ta bayanta, ta yi salati, ta zame ta zauna a ƙasa. Dija ba ta yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Ta durƙusa tana ta faɗa masa ta buɗe.

Haka Alhaji ya dawo ya same su, mutanen gidan sun taru cirko-cirko. Ya dubi ƙofa a buɗe, ya dubi kwaɗon da mabuɗi a jikinsa, ya dubi abin da ke kwance.

"Ba kin ce ya tahi Gangara ba?"

Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, don babu ɗakin da ba a taɓa rufe wani a ciki ba. Alhaji ya ja da baya har ya zauna a kan ragowar yashi.

"Nan na wuni," ya ce. "Nan, ga ni ga ƙohwar. Na ji tari da hantsi, na ce yaran Salamatu ne." Ya share fuska da hannun riga. "Da kun hwaɗa mani."

Dija ta so ta tambaye shi me zai yi da an faɗa masa. Ba ta tambaya ba. Da ƙyar maso ya zare hular daga bakin tsohon.

Aka buga wa ɗiyarsa waya, liman ya ce a wannan zafi ba za a jira ta ba. Kafin magariba maza suka ɗauke shi, Alhaji Ridwanu na riƙe da gaban makara, gidan ya rage sai mata. Dija na zaune a bakin murhun da ya mutu, awara ta sandare a cikin mai. A lokacin ne gabas ta yi duhu, iskar hadarin farko ta taso mai sanyi, ta ratsa tsakar gida ta shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Daga inda take zaune tana hango rigar Baba Haladu a rataye a ƙusa, iska na ɗaga ta tana saukewa.