Kabarin Jabez a Tsakiyar Hanya

Kwalara ba ta ɓata lokaci da Jabez Holroyd ba. Jiya da hantsi yana tafe gefen bijimansa yana yi musu waƙar coci da muryar nan tasa mara daɗi, yau kafin a busa ƙahon tashi an naɗe shi cikin bargo. Akwati kuwa wa zai ba ka a gaɓar kogin Platte na Amurka, inda sai ka yi tafiyar kwana uku ba ka ga itacen da zai tafasa maka shayi ba?

Matarsa Tabitha ta daure da bargon, ta daure da gajeriyar addu'ar da aka yi a tsaitsaye. Abin da ta kasa daurewa shi ne inda aka haƙa ramin: a tsakiyar hanya, daidai sawun ƙafafun kekuna. An mayar da ƙasa an daddale ta, ba tudu, ba allon suna. Kekunan shanu arba'in da biyu na ayarin Kiristoci 'yan ɗariƙar Mormon sun yi layi, kowanne zai bi ta kai har wurin ya saje da hanya. Nata keken ne a gaba yau, don juyinta ne ya zagayo.

Ta je ta tsaya a kan ɗanyar ƙasar, ta harɗe hannu.

Kyaftin Asa Whitlock, shugaban ayarin, ya taho da hularsa a hannu. Mutumin kirki ne, amma irin masu kirkin nan da ke kallon rana suna yi maka ta'aziyya.

"'Yar'uwa Holroyd, ki yi haƙuri. Mil goma sha takwas ne tsakaninmu da ruwa mai kyau. In rana ta take, shanu za su fara zubewa."

"To ku kewaye. Ga fili nan har ƙarshen duniya, sai ta kan mijina?"

"Haka ake yi."

"Wa ya ce haka ake yi? Daga Preston ta Ingila na biyo mutumin nan, na haye teku ina amai mako shida, don a mayar min da shi hanya? In na isa Sihiyona, ƙasar alkawarin da muka nufa, aka ce ina Jabez, in ce yana ƙarƙashin kashin shanu a wani wuri?"

Can baya wani ya ɗaga murya yana tambayar me ake jira. Bijimai sun fara kaɗa kai cikin karkiya. Whitlock ya juya hularsa sau biyu, ya ce ba zai sa a ɗauke ta da ƙarfi ba, amma idan aka sake busa ƙaho ayari zai kewaye ya wuce, ita da kekenta su san yadda za su yi. Kowa ya san ma'anar a bar mace ita kaɗai a wannan fili. Amma Tabitha ba ta gusa ba.

Sai ga tsohuwa Dorcas Pugh ta sauko daga keke na uku, tana dogara sanda. Bakinta ya fi allura, kuma ita ma kwana goma sha biyu ke nan da binne nata mijin.

"Ke yarinya, me kike yi nan kamar an dasa ki? Tsiro za ki yi?"

"Inna, ke ai an yi wa naki tudu, an kafa allo da sunansa. Ba ki da bakin magana."

"An yi kuwa. Ni na tsaya kamar yadda kika tsaya, na yi ta zuba rashin kunya har suka gaji suka yi min. Tudu mai kyau, har da furanni." Ta matso, ta rage murya, amma ba ta rage yadda Whitlock ba zai ji ba. "Washegari wannan bawan Allah ya koma baya neman saniyar da ta ɓace. Ya dawo da saniya. Ya kuma dawo da takalmin mijina Evan ƙafa ɗaya a jakar sirdinsa, duk sawun haƙori. Yana zaton ban gani ba."

Whitlock ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

"Kyarkeci ba ya karanta allo, 'yar nan. Ƙasa mai laushi yake nema. Da na sani, da ni zan roƙe su su bi ta kansa sau biyu."

Mai ƙaho ya ɗaga ƙahonsa yana kallon kyaftin. Tabitha ta dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarta, sannan ta sauka, ta ɗauki bulalar Jabez daga jikin keke.

Bijiman suka taho har bakin wurin suka toge. Sun ji ƙasa ba ta taku ba, ko wani abin suka ji, oho. Ta lallashe su da sunayensu, suka ƙi. Ita da ba ta taɓa dukan dabba ba, ta ɗaga bulala ta zuba musu, tana kuka tana zagi, har suka zabura. Ta ji ƙafar keken ta ɗan nutse, ta fito.

Ba ta waiwaya ba sai da suka hau ɗan tudun da ke gaba, keke na ƙarshe ya wuce, garken shanu ya bi bayansa. Ta tsaya ta kare ido da hannu. Ta nemi wurin daga gaɓar kogi zuwa hanya, ta sake nema daga hanya zuwa kogi.

"Inna, ta ina ne ma?"

Dorcas ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Ni ma ban gane ba," ta ce. "Ki gode wa Allah. Muje."