Dashen da Gwaggo Ta Ba Yayanta

A gidan renon itatuwa da ke bayan tashar mota kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekara ashirin tana cusa ƙasa a baƙar leda tana jera dashe layi-layi. In ta murza ganye ta shinshina, ido rufe za ta faɗi sunan bishiyar.

A kurmin mahaifinsu ta koyi wannan. Kurmin yana gangaren rafi, kanya da taura da marke sun haɗe kai a sama, rana sai da dabara take taɓa ƙasa. Mahaifin ya rasu tana asibiti tana jinyar ɗanta. Kafin ta dawo, yayanta ya kawo masu injin yankan katako sun kwantar da komai. Ya ƙone kututturan ya shuka masara. Da ƙasa ta gaji, ya bar masu buga bulo suka yashe rabinta, sauran ya haƙa rijiya ya yi lambu.

Ranar da ta yi magana, a gaban dangi ya ce, "Ke da ko gatari ba ki iya riƙewa ba, me kika sani a kan daji?" Aka yi dariya. Ba ta ƙara ta da zancen ba, ba ta kuma fasa gaishe shi ba. Amma abin yana nan daram a ranta.

Wata safiya sai ga shi a wurin aikinta, ya tsufa, takalminsa duk taɓo. Ta shimfiɗa masa buhu a inuwa, ta kawo ruwa.

"Zaizaya za ta cinye min lambu," ya ce. "Kowace damina kwari yana matsowa. An ce bishiya ke tare shi."

"Haka ne, Yaya. In ka sa kanya da marke, nan da shekara goma sha biyar ƙasar za ta kama."

"Sha biyar? Ai sai dai a yi min inuwa a kabari. Ba ni mai sauri."

Ta daɗe tana kallon layin ƙarshe, inda dashen itacen turare yake. Ta san halinsa sarai. Yana tashi kamar ana jan sa da igiya, yana shan ruwan ƙasa ba ƙoshi, ganyensa in ya zuba ko ciyawa ba ta fitowa a wurin.

"Akwai mai sauri," ta ce. "Ka jera shi bakin kwarin, ka kewaye rijiyar da shi don ya tare iska."

Da hannunta ta loda masa a mota. Bayan ya tafi, shugaban wurin ya leƙo daga ofis ya ce, "Gwaggo, turare a bakin rijiya?"

"Mai sauri ya ce yana so."

Shekara uku Yaya yana yabonta a duk inda aka zauna. A ta huɗu ya ƙara wa guga igiya. A ta shida aka yashe rijiyar sau biyu, laka kawai ake fitarwa. Tumatir ya ƙi, albasa ta ƙi, kwarin kuwa ya bi ta gefen itatuwan ya ci gaba da cin lambun.

Ya aika ta zo. Ta same shi zaune a bakin busasshiyar rijiyar, ganye yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarta.

"Malamin gona ya zo jiya," ya ce. "Ya ce duk wanda ya ba ni shawarar nan, ko jahili ne ko maƙiyi. Ke kuwa ba jahila ba ce."

"A'a, Yaya."

"Ciki ɗaya fa muka fito."

"Na sani. Da wani ne ya sare kurmin nan, da tuni na manta."

Ta yi masa sai an jima, ta bi ta bakin kwarin. A can ta ga abin da ba ta zata ba: tsofaffin saiwoyin kurmin ashe sun taɓa yin toho, 'yan kanya uku har sun kai gwiwa, amma sun bushe ƙamas a ƙarƙashin turaren. Ta karya ɗaya, ba ɗigon danshi a ciki. Wannan kam ya sosa mata rai, sai dai ko da ta laluba zuciyarta ba ta sami nadama a kan Yaya ba.

Kafin damina ya tattara ya koma wurin babban ɗansa, ya bar filin. Ba mai saye ko ɗaya da ya taya filin, sai ta karɓa. Ta sa aka sare turaren, ya sake tohowa, aka sake sarewa. Ta dasa marke arba'in, bakwai suka rayu. In an haɗu a sabgar dangi tana durƙusawa ta gaishe da Yaya, yana amsawa fuskarsa a gefe.