Motata ce a Waƙa ta Biyar

Ni bakanike ne. Shekara talatin da ɗoriya ina cikin baƙin mai, makaranta kuwa aji uku na yi na gudo. Amma in inji ya yi kuka a gabana, kafin mai shi ya gama gaisuwa na san abin da ke damunsa. In ciwon ya ɓuya, na kafa bakin doguwar sukurdireba a jikin injin, na ɗora ƙotar a kunnena. Ƙarfe bai taɓa yi mini ƙarya ba.

'Yata ta ƙarshe, Auta, ita ta gaji kunnena, sai dai ta kai shi inda ban aike ta ba. Kiɗan na'ura take yi. Ta rufe kanta a ɗaki da kwamfuta da wani ɗan akwati mai maɓallai, ta bi gida da makirfo tana ɗaukar ƙarar ƙofa da ta murfin tukunya. Shekara biyu tana haka, har ta haɗa waƙa tara ta fitar. Ranar da ta ce, "Baba, ga shi na sa maka a waya," na ce to, na jefa wayar a aljihu. Akwai motar mutane a kan jak.

Wata Laraba maƙwabcina mai faci ya shigo gareji yana riƙe da waya, yana washe haƙora.

"Oga, Almakashi ta taɓa 'yarka."

"Wace ce Almakashi?"

"Matar da ke rubuta sharhin sababbin waƙoƙi duk mako. Masu jita, masu hip-hop, duk tsoronta suke. In ta yanka ka, sai ka yi wata kana ɗinki."

Na ce ya karanta mini, a hankali. Ta fara da wasu samari masu jita, ta ce hayaniyarsu ta fi maganarsu yawa. Ta yabi wani mai hip-hop. Sannan ta iso kan Auta. Ta ce yarinyar tana da kunne, amma waƙa ta biyar, wadda ita ce ƙashin bayan aikin, ɗingishi take daga farko har ƙarshe. "Ta fara da ciwo, ta ƙare da ciwo, ba wanda ya zo duba ta." Haka ta rubuta. Mai faci ya maimaita wurin sau biyu, don mugunta.

Da na koma gida na tarar da kayan kiɗan Auta a cikin kwali, an ɗaure da igiya. Uwarta tana tsaye bakin kicin, hannu a ƙugu.

"Sayarwa za ta yi," in ji ta. "Asabar da yamma mai saye zai zo. Tun safe ko ruwa ba ta sa a bakinta ba."

Na leƙa ɗakin. "Auta, don wata ta yi surutu?"

"Ta fi ni gaskiya, Baba. A bar maganar."

Sau nawa na yi fatan kayan nan su bar gidana. Amma da na gan su a ɗaure, sai na ji ban so ba. Na san 'yata. In ta ajiye abu, ta ajiye ke nan.

Ranar Juma'a da hantsi na tafi neman Almakashi, da kayan aikina a jiki, ban ko wanke hannu ba. Ɗakinta yana saman wani shagon buga takardu, matattakalar ƙarfe ce mai lilo. Na ɗauka zan ga yarinya mai rawar kai. Sai ga mace sa'ata, siririya, da tabarau a goshi. Bangon ɗakin an manne shi da kwalin ƙwai, ga manyan lasifika biyu, ga fanka a kashe duk da zafin da ake yi.

"Ni ne uban wadda kika yanka," na ce. Ban yi dogon gaisuwa ba.

"Wacce daga ciki? Ina da yawa."

"Mai waƙa ta biyar."

"Au. Sannu da zuwa, Malam. Zauna, amma ba a kan farar kujerar ba."

Ban zauna ba. Na faɗa mata duk abin da na taho da shi. Na ce shekara biyu yarinya tana aiki, ke kin zauna a inuwa kin rushe shi da layi uku. Na ce wanda bai taɓa ɗaure noti ba bai isa ya kushe gyaran wani ba. Ta bar ni har na gaji.

"Wace waƙa ka fi so a ciki?" ta tambaya.

Na hau kallon lasifikan.

"Ta nawa ka tsaya?"

"Ina da aiki," na ce.

"Ba ka saurara ba ke nan." Ba da faɗa ta faɗi ba, shi ya fi ciwo. "Ni sau biyar na ji shi kafin in rubuta kalma ɗaya. Sau biyu a nan, sau ɗaya a mota, sau ɗaya a ƙaramar waya, sau ɗaya ina wanke-wanke. Don mutane ba a ɗaki irin nawa suke ji ba."

Wannan ta shige ni. Ni ma ba na miƙa wa mutum makulli sai na gwada motar a tsaye, na gwada ta a titi, na hau da ita gangare.

"Minti arba'in da ɗaya ne," ta ce. "Kashe wayarka."

Na zauna. Gumi yana zuba, ta hana a kunna fanka, wai tana ƙara. Waƙa ta farko ban gane komai ba. A ta biyu na ji keken ɗinkin uwar Auta, har da ɗan tsayawar nan da yake yi in zare ya sarƙe. A ta huɗu na ji ƙofar garejina. Sai ta biyar ta shigo.

Bugu uku, sai tuntuɓe. Bugu uku, sai tuntuɓe.

Na miƙe tsaye. "Wannan motata ce!"

"Motarka?"

"Tsohuwar akori-kurata. Bawul ɗaya ya ƙone, silinda uku ke aiki. Ba ki ji ta huɗun tana huci ba?"

Ta mayar da wurin baya, ta sauke tabarau, ta karkata kai. "Na ji tana ɗingishi. Ban san dalili ba."

"Ga dalili a gabanki," na ce.

Shekara uku motar nan tana haka. Aikin yini ɗaya ne. Kullum ina cewa sai na gama da ta mutane. A cikinta nake kai Auta makaranta, tana zaune gefena, muna jijjiga, ba na ce mata komai in ban da ta rufe ƙofa da kyau. Yanzu ga shi duk gari sun ji motar bakanike tana tari, an kuma rubuta cewa ba wanda ya zo duba ta.

Na koma na zauna, na ji sauran huɗun har ƙarshe.

"To, yanzu me ka gani?" in ji Almakashi.

"Kin yi gaskiya. Amma kin faɗi ciwo ba ki faɗi magani ba. A garejina wanda ya yi haka korarsa nake."

Ta yi dariya har da buga tebur. "Maganin ba aikina ba ne, Malam. Ni kunne kawai gare ni."

Asabar da sassafe na rufe ƙofar gareji, na rataya kwali cewa yau ba aiki. Mai faci ya leƙo ya ce ko mutuwa aka yi. Na tura akori-kura tsakiyar fili, na je na buga wa Auta ƙofa.

"Kwance kwalin nan, ki ɗauko makirfo."

"Baba, na ce na bari."

"Ban ce ki yi waƙa ba. Gyara zan yi, ina son shaida. Na ji ta biyar."

Ta ɗago kai. "Ka ji?"

"Duka tara. Ta bakwai ta yi tsawo. Taso."

Ta biyo ni tana kumbure-kumbure. Na fara kwance kan injin, noti bayan noti, ina jera su a faranti yadda na cire su. Da farko daga nesa ta tsaya. Da sifana ta fara ƙara, sai ta matso. Na ciro bawul ɗin, bakinsa ya cinye kamar ɓera ya gaigaye shi, na miƙa mata.

"Ga abin da kika yi wa waƙa."

Ta juya shi a hannu, ta ƙwanƙwasa shi a jikin jak, ta saurara, ta sake ƙwanƙwasawa. Na sa sabon, na shafa man niƙa, na kafa masa sanda, na fara murza ta tsakanin tafukana don ya zauna daram. Shik-shik-shik, a ɗaga, a juya, shik-shik-shik.

"Baba, tsaya! Sake yi. A'a, kada ka yi sauri, yadda ka saba."

"Ke, ni za ki koya wa aikina?"

"Yi shiru mana, kana shiga ciki."

Uwarta ta kawo mana abinci, ta tsaya tana kallonmu, mu biyu baƙi ƙirin har gwiwar hannu. "Yau na ga ikon Allah," ta ce. "Motar gidan nan ta samu layi."

Da yamma mai saye ya iso, ya tsaya bakin ƙofa yana kiran waya. Lokacin ina ɗaure noti na ƙarshe. Auta ta dube shi, ta dubi wayoyin da ta shimfiɗa har ƙarƙashin motar.

"Ka yi haƙuri," ta ce masa. "Ina amfani da su."

Na ba ta makulli na ce ita za ta tayar. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Huɗu cif. Ta rufe ido, tana riƙe da abin saurare a kunne, leɓenta yana ƙirga. Ni na juya baya ina goge sifana wadda ba ta buƙatar guga.

Bayan wata guda ta sake fitar da waƙa ta biyar. Ba ta cire ɗingishin ba. Ta bar shi a farko, sai sifana ta shigo, sai shik-shik, sai injin ya miƙe. Mai faci ya karanta mini abin da Almakashi ta ce: yanzu waƙar ta san inda za ta. Ta ƙara da cewa ta bakwai har yanzu ta yi tsawo. Na ce ai na faɗa.

Na sake hawa matattakalar nan, wannan karon da wankakken hannu. Na ce na zo godiya, ta kawo motarta in duba mata. Ta ce ba ta karɓar komai daga dangin waɗanda take rubutawa a kansu.

"To ji kyauta," na ce. "Na ji ki kina fakin. Bel ɗin injinki yana kuka, birkin baya na hagu ya kusa cin ƙarfe. Mota ce mai kyau, mai ita ce ba ta kula."

Ta sauke tabarau. "Malam, sharhi kake mini?"

"Sau ɗaya kawai na saurara," na ce. "Amma ki kai ta a duba kafin Asabar."