Malamin da Ya Ƙi Taɓa Alli

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu saurara, Kaka.

A Roni aka yi wani Musaddiƙ, wanda ya yi wata shida a Legas ya dawo wai Hausa tana yi masa nauyi a baki. Da ajin matan aure na unguwarsu ya rasa malamin Turanci, sai ya fesa turare ya je neman aikin. Hajiya Ma'u, shugabar ajin, ta ba shi mako guda: in matan sun gane, aiki ya zama nasa.

Darasin makon kuwa tagwayen kalmomi ne, waɗanda a baki iri ɗaya suke, sai a rubuce suke rabuwa. To shi gogan ba ya taɓa alli, kada ya ɓata masa hannun shadda. Sai ya tsaya ya turo baki.

"Ku saurara. Rana, san. Ɗa namiji, san. Kun ji bambancin?"

Iya Abu mai ƙosai ta janye ɗankwali daga kunne. "Sake faɗa, ɗan nan."

"San. San."

"Ni dai wallahi abu ɗaya na ji."

"Kunnen ƙauye ne, Iya. Sai a hankali."

Kwana shida ana san-san, allo fes kamar an wanke.

Ranar gwaji Hajiya Ma'u ta kira Nafisat tela, wadda ta taɓa yin sakandare, ita kuma Nafisat ta rubuta kalmomin biyu a allo, sun da son, ta zana rana a gefen ɗaya, yaro mai ƙaton kai a gefen ɗayar. Nan take ajin ya ɗauki "Au! Ashe haka ne!"

Hajiya ta ce, "Malam, juya wa allo baya. Tunda kunnenka na birni ne, Iya za ta karanta, ka faɗi wacce ce."

Iya Abu ta ɗora yatsa. "San."

"Rana!"

"Yaron ne, ɗan nan. To wannan fa? San."

"Yaro!"

"Yaron dai na sake nunawa, amma ai canka ka yi. San."

"Yaro!"

"Rana ce tsaka, Bature."

Har masu goyo sai da suka zauna don dariya.

Nafisat aka ba ajin. Iya Abu tana aji biyu yanzu. Musaddiƙ kuwa yana tallar maganin basir da lasifika a kasuwar Babura, da Hausa.