Mai Amsa Sunan Elam

Gidanmu ana bin sa bashin suna guda, na Lorin Teeples, kuma ni na ciyo shi.

A shekarar 1846 muna zaune a tantuna bakin kogin Missouri, an kore mu daga garinmu, sai gwamnati ta aiko tana neman 'yan cocinmu na Mormon ɗari biyar su tafi yaƙin Mexico. Aka rubuta mijina, Elam Wadley. Ina da tsohon ciki, ga masassara. Na je wurin Lorin, maƙerin ayarinmu, gwauro, na yi masa kuka. Ranar kiran suna, da aka ce Elam Wadley, shi ya amsa. Ya mutu a hanya, ko kabarinsa ba mu sani ba.

Tun daga nan, in na kira Elam ya zo cin abinci, murya biyu ke amsawa. Ɗaya daga gona, ɗaya a bayan kunnena. Elam ya rasu shekara tara ke nan, ɗayar ba ta daina ba.

Bana ana ta hidimar Utah, inda muke zaune yanzu, ta zama jiha, jikana Ammon yana neman kujera. Ya tono wata tsohuwar jarida a ƙasan akwatina, ta yi ja, tana marmashewa. Kowane taro sai ya ɗaga ta, wai a gaya wa masu cewa 'yan Mormon ba sa kishin Amurka su zo su karanta sunan kakansa a jerin waɗanda suka tafi yaƙi.

Na kira shi madafa, na gaya masa komai. Ya yi dariya, ya ce tsufa ne. Na ce kakan nasa ko zomo bai taɓa harbi ba.

"Kaka, ki bari a gama zaɓe mana."

"Kai, ɗan nan, shekara arba'in da tara mutumin yana jira. Kai ne za ka ƙara masa?"

Ban iya karatu ba, amma na sa ya ɗora yatsana a kan sunan, na soke wurin da allura. Da safe na ɗauki jaridar da tulun zuma, na tafi wurin mai buga jaridar garinmu, na nuna masa wurin da na soke, na ce a gyara sunan. Ya tambaye ni sau biyu ko na san abin da wannan zai yi wa Ammon. Na ce na sani, ya rubuta Lorin Teeples, maƙeri, kada ya rage harafi ko ɗaya.

Aka buga, layi uku, a ƙarƙashin tallar garma. Ammon ya faɗi zaɓe, bai sake tako gidana ba.

Jiya da rana na sauke burodi, na tsaya bakin ƙofa na kira Elam. Na jira har burodin ya huce. Babu wanda ya amsa.