Karara a Gindin Gwanda

A Ƙofar Galadima an yi wani dillalin fata, Malam Ƙasimu, wanda ko gaisuwa sai ya auna kafin ya mayar. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ya samo irin gwanda daga Gyallesu, ya shuka a kangon bayan gidansa. Suka tashi lafiya, suka fara fure.

Matarsa Delu ta leƙa wurin ta ga ƙasa baƙa, ga inuwa, ga ruwan wanke-wanke yana gangarowa.

Ta ce, "Malam, gindin gwandar nan bai kamata ya zauna haka ba. A sa gwaza a inuwa, kabewa ta rufe ƙasa ta riƙe laima, alayyahu da barkono daga gefe. Gwandar ma za ta fi jin daɗi."

"Wato in buɗe wa matan unguwa kasuwa. Yau a tsinki alayyahu, gobe a ce a ɗan taimaka da kabewa."

Dama yana cike. Kwana biyu kafin nan maƙwabciyarsu Hajo ta shigo ta karyi ganyen gwanda za ta dafa wa mijinta mai zazzaɓi, Delu kuma ta bar ta. Ganye ne da ko an bari zai bushe ya faɗi, amma Malam Ƙasimu ya kasa cin tuwo ranar.

Da wani manomi Inuwa ya kawo masa fata daga ƙauye, ya ja shi gefe.

"Akwai abin da in aka shuka a gindin itace, hannun mutum ba zai kai ba?"

Inuwa ya ce, "Sai karara. Wake ne mai yaɗo, yana ma gyara ƙasa. Amma gashin kwansonsa in ya taɓa jiki, sai mutum ya yi susa har jini. Ba a kawo ta gida, Malam."

"Kawo min."

Ya shuka da kansa, ya yi mata taki da kashin awaki, gatan da bai taɓa yi wa gwandar ba. Karara ta samu wuri. Kafin damina ta raba ta naɗe kowace bishiya, ta hau katanga, ta zubo kwansuna. Malam Ƙasimu yakan tsaya daga bakin kangon, hannu a baya, yana murmushi kamar wanda ya gina ganuwa.

Aka ɗauke ruwa, kwansuna suka bushe. Lallai ba wanda ya sake shiga. Shi ma bai shiga ba. Gwanda ta nuna jawur a sama, tsuntsaye suka ci, saura ta ruɓe ta faɗo, yana kallo daga nesa.

Abin da bai lissafa ba shi ne igiyar shanya tana nan kusa, iska kuma tana kwaso gashin kwansunan. Ranar wani ɗaurin aure a unguwa ya ɗauki babbar rigarsa daga igiya ya zura. Yana zama cikin mutane wuya ya fara ƙaiƙayi. Ya daure, ya murza kafaɗa da bango. Liman na cikin addu'a ya tura hannu biyu cikin riga yana kartar jiki kamar mai jeme fata. Na kusa da shi suka janye tabarma a hankali, wani ya raɗa cewa ƙazwa ce. Bai jira goro ba, abin da ba a taɓa gani ba, ya fita da hula a hannu.

Ya tarar da Delu tana ɗaure kaya, hannayenta duk sun yi ruɗu-ruɗu.

Ta ce, "Zan zauna wajen Iya. In ka gama da abokiyar gwandarka, a aiko."

Bayan la'asar mijin Hajo ya zo da mai unguwa, domin gashin ya ƙetare katanga ya shiga shimfiɗarsu. Mai unguwa bai ko zauna ba, ya ce a cire kararar kafin Juma'a.

Malam Ƙasimu ya nemi 'yan ƙwadago. Duk wanda ya leƙa sai ya ce yana da wani aiki. Ƙarshe ya tara kara da kansa ya cinna wuta. Gwanda kuwa jikinta ruwa ne, wuta ta dafa bishiyoyin a tsaye. Bayan 'yan kwanaki suka zube ɗaya bayan ɗaya, kangon ya ɗauki wari.

Da ya koma fita majalisa, ya ce wa mutane sharrin Inuwa ne, mutanen ƙauye ba su da amana. Wani dattijo ya tambaye shi ko Inuwa ne ya yi mata taki. Malam Ƙasimu ya ce ana kiran salla, ya tashi, alhali da sauran lokaci.